Ɓerayen Kwatance da Suka Fi Kowa Shan Wuya: Nazarin Wani Gwaji a Zariya

## Asalin lamarin

Ɗaliba ce mai neman digiri na biyu a fannin sanin yadda jiki ke aiki, a ɗaya daga cikin manyan makarantun Zariya. Ba zan kama sunanta ba, haka ma na sashen. Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a wurin. Aikina haɗa sinadarai, kula da sikeli da firji, da riƙe wa ɗalibi ɓera idan yana tsoron cizo. Yawancin abin da zan faɗa da idona na gani, kuma da hannuna a wani ɓangare na kuskuren.

Akwai wani ganye da masu maganin gargajiya a garinsu ke jiƙa wa mai yawan tunani da rashin barci. Ta taso tana ganin kakarta tana ba mutane shi, sai ta so ta san ko da gaske yana taɓuka wani abu. Ba a fara irin wannan gwaji a kan mutum. Ana farawa da dabba, a sa ta cikin takura na makonni har jikinta ya nuna alama, sannan a ba ta maganin a ga ko alamar za ta ja baya.

Wannan hanya ta daɗe. A 1936 Hans Selye, yana Jami'ar McGill a Kanada, ya lura cewa ko me ya ɗirka wa ɓerayensa, har da fomalin, sinadarin da ake adana gawa da shi, abu uku yake tararwa idan ya buɗe su. Ƙullutun adirinal da ke zaune a saman ƙoda ya kumbura, ƙullutun taimus da ke cikin ƙirji ya motse, ciki kuma ya yi gyambo. Ya gane ba abin da ke cikin allurar ba ne, wahalar kanta ce. Daga baya aka fahimci yadda abin ke tafiya: idan dabba ta ji barazana, ƙwaƙwalwa ce ke aika saƙo zuwa wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashinta, shi kuma ya tayar da adirinal, adirinal ya zuba sinadarin shirin ko-ta-kwana cikin jini. A jikin mutum kotisol ne, a jikin ɓera kotikostiron. Na ɗan lokaci taimako ne. Idan ya ƙi sauka mako bayan mako, sai ya fara cin jiki.

## Fabrairu: yadda aka tsara

Ta zaɓi tsarin da Paul Willner da abokan aikinsa suka fitar a Birtaniya a 1987, wanda suka gina a kan aikin Richard Katz na Amurka a farkon shekarun 1980. Katz ya yi amfani da azaba mai tsanani. Willner ya sassauta, ya mayar da ita ƙananan takura da ake sauyawa kullum don kada ɓera ya san abin da gobe za ta kawo. Yau a karkata keji, gobe a jiƙa shimfiɗa, jibi a bar fitila a kunne har asuba, gata a ɗauke ruwa ko abinci na wasu awanni, wata rana a sa ƙara, wata rana a cusa masa baƙon ɓera. Babu ɗaya da zai kashe shi. Rashin sanin me zai zo shi ne dafin.

Babban ma'aunin kuwa ruwan sukari ne. Ana rataya kwalba biyu a keji, ɗaya zallar ruwa, ɗaya ruwa mai sukari kashi 1 cikin 100. Lafiyayyen ɓera kwaɗayayye ne, mai zaƙin zai fi sha nesa ba kusa ba. Wanda takura ta cinye sai ya daina damuwa da bambancin. Masu bincike na ɗaukar wannan a matsayin inuwar abin da ke samun mai ciwon damuwa, wanda abincin da ya fi so ya daina yi masa daɗi.

Ta sayo fararen ɓeraye maza 40, jinsin Wistar, irin da aka fara kiwo a Filadelfiya a 1906 kuma shi ne ya cika ɗakunan bincikenmu. Nauyinsu tsakanin giram 150 zuwa 200. Ta kasa su huɗu, goma-goma. Rukuni na ɗaya ba za a taɓa su ba, su ne na kwatance, waɗanda ɗalibai ke kira kwantirol. Na biyu takura kawai. Na uku takura da fuluzetin, maganin damuwa na asibiti, don a tabbatar gwajin na iya gane magani mai aiki. Na huɗu takura da ruwan ganyen. Kwamitin kula da haƙƙin dabbobin bincike ya duba takardunta ya sa hannu. A takarda babu inda za ka sa yatsa.

Ɗakin dabbobin wani tsohon gini ne a bayan sashe, rufin kwano, silin ɗinsa ya ɓula a wurare biyu. Wani dattijo ne ke kula da shi, kowa Baba yake ce masa. Ya fi shekara ashirin yana ba ɓeraye abincin kaji da ruwa, yana kwashe garin katakon da ake shimfiɗa musu. Kwana biyar bayan isowar ɓerayen aka fara aiki.

## Maris zuwa Afrilu: gwaji na farko

Mako shida aka yi. Ta bi jadawalinta ba fashi, ta manna shi a jikin ƙofa tana yi wa kowace rana alama. Da yamma takan zo ta sa wa kejin takura bulo a ƙarƙashi ya karkace, ko ta zuba ruwa a shimfiɗa, sannan ta wuce kejin kwatance ba ta ko taɓa shi. Duk kejin huɗu suna kan maratayi ɗaya, goma a kowane keji.

Wanda ya san Zariya ya san me Maris da Afrilu ke nufi. Hunturu ya tafi, ruwa bai sauka ba, rana tana dukan kwano tun daga hantsi. Ita kanta takan fito daga ɗakin hijabinta a jiƙe. Ba wanda ya rataya ma'aunin zafi, domin fom ɗin da aka saba cikewa yana da layin da kowa ke kwafa daga kundin wanda ya gabace shi, cewa an ajiye dabbobi a yanayin ɗaki, awa 12 haske awa 12 duhu.

A mako na huɗu ɓera ɗaya ya mutu. Na rukunin kwatance ne. Aka rubuta shi a matsayin tsautsayi.

A ƙarshen mako na shida aka yi awon sukari, aka yi gwajin iyo, inda ake saka ɓera a ruwa a ga lokacin da zai daina fafutuka, sannan aka ɗebi jini. Ɗiban jinin ya ɗauke mu daga ƙarfe 10 na safe har bayan azahar, a kan teburin da ke cikin ɗakin dabbobin, rukuni bayan rukuni. Na kwatance muka bari ƙarshe saboda kejinsu ne a can ƙurya.

## Ƙarshen Afrilu: sakamakon da ya ƙi rabuwa

Ɓerayen takura sun sha ruwan sukari wajen kashi 60 cikin 100 na abin da suka sha. Na kwatance ma wajen haka. Nauyin jiki bai rabu ba. Kotikostiron kuwa, wanda ta tara kuɗin kayan awonsa da kyar, ya fito sama a kowane rukuni, kuma na kwatance ne ma suka ɗara. Rukunin fuluzetin bai bambanta da kowa ba.

Idan waɗanda aka wahalar da waɗanda aka ƙyale suka fito iri ɗaya, babu abin da za a ce game da ganye. Ba a sami ciwo ba balle a yi maganar magani.

Ta kai wa malamin da ke duba aikinta. Ya juya takardun ya ce, "Malama, ɓerayenki ba su ji komai ba. Wasa kika yi da su." Da ta zo wurina na goyi bayansa. Na ce mata ɓerayen nan namu sun saba da wuya, ƙaramar takura ta Turai ba za ta kama su ba, a ƙara wuta. Ina tuna har dariya muka yi.

## Mayu zuwa Yuni: aka ƙara wuta

Ta sayo wasu 40. Wannan karon aka koma tsarin ɗaurewa. Ana cusa ɓera cikin bututu mai ramukan shan iska, daidai jikinsa, ba ya iya juyawa. Tsari ne sananne. A 1992 ɗakin binciken Bruce McEwen a Jami'ar Rockefeller ta Amurka ya nuna cewa ɗaure ɓera awa 6 kullum har kwana 21 yana motsar da rassan ƙwayoyin jijiya a sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe tunani, wanda ake kira hifokamfas. Ni na yanka bututun roba na famfo na huda su da ƙusa mai zafi. Awa 6, kwana 21, daga ƙarfe 9 zuwa 3.

A kwanakin farko ɓerayen na kokawa, suna fitsari da kashi a bututu. Zuwa kwana na takwas sai na ga wasu suna shiga ba gardama, suna lumshe ido. Wannan ma sananne ne ga wanda ya karanta: takura iri ɗaya a lokaci ɗaya kullum, jiki na sabawa da ita, kotikostiron ɗin da take tayarwa yana raguwa. Dalilin da ya sa Willner ke sauya tasa kenan. Mun bar tsarin da ba a sabawa da shi mun koma wanda ake sabawa da shi, muna ganin gaba muka ci.

Abin da ba su saba da shi ba zafi ne. Ɓera ba ya gumi kamar mutum. Ta wutsiya yake fitar da zafi, idan abin ya yi yawa ya shafe jikinsa da yawu. A cikin bututu ba ya iya ko ɗaya yadda ya kamata. Wata rana da hadari ya haɗu bai zuba ba, garin ya yi ɗif babu iska, muka buɗe bututu da ƙarfe 3 muka tarar da uku sun mutu. Ta tsaya tana kallonsu, ta ce, "Innalillahi. Malam, ni na kashe su." Na ce ba ita kaɗai ba.

Aka rage zuwa awa 3 aka ƙarasa. A gwajin iyo, irin wanda Roger Porsolt ya fitar a Faransa a 1977, inda ake saka ɓera a tulun ruwan da ba zai iya fita ba na minti 15, washegari a maimaita na minti 5 ana ƙirga lokacin da ya daina fafutuka, an ga ɗan bambanci. Amma ita ke riƙe da agogo, kuma ta san wane ɓera ne na wane rukuni. Ruwan sukari bai motsa ba. Na kwatance har yanzu suna wajen kashi 60.

Wannan lamba ce ta hana ta barci. Ta ce duk takardar da ta karanta, ɓerayen da ba a taɓa ba suna shan kashi 80 ko sama. Tambayar da muke ta yi ita ce me ya sa na takura ba su sauka ba. Ita ta juya ta: me ya sa na kwatance ba su hau ba?

## Yuli: mako guda na zaman kallo

Ta nemi izinin malaminta ta dakatar da komai. Ta sayi ma'aunin zafi mai riƙe mafi yawa da mafi ƙaranci, ta ɗauki littafi mai layi, ta ce za ta rubuta duk abin da ya faru a ɗakin dabbobi na kwana bakwai, ba tare da ta taɓa ko ɓera ɗaya ba. Da rana ita, da dare ƙaninta da ni muna karɓa-karɓa zuwa ƙarfe 11, da asuba kuma Baba.

Ga abin da littafin ya tara.

Duk da damina ta sauka, zafin ɗakin yakan haura digiri 31 da rana. Ƙa'idar da yawancin ɗakunan bincike ke bi ta ce a riƙe ɓera tsakanin 20 zuwa 26. Idan Yuli ya ba da 31, ba sai an faɗa mana abin da Afrilu ya bayar ba.

Fitila ba ta da lokaci. Wanda ya shiga ƙarshe ya kan bar makunni a sama saboda babu wuta, idan aka kawo wuta ƙarfe 1 na dare sai ɗakin ya haske har safe. Ɓera kuwa dabbar dare ce, a duhu yake ci, yake wasa. A cikin darare bakwai, huɗu fitila ta kwana a kunne.

Janaretan sashe yana jingine da bangon ɗakin ta waje. Idan aka tayar da shi, ruwan kwalba har rawa yake yi. Ba shi da lokaci shi ma, sai ranar da aka sami mai.

Kwalabe uku suna ɗiga. Shimfiɗar kejin da ke ƙarƙashinsu a jiƙe take kwana. Ranar Lahadi ba mai zuwa, kuma kwalba ɗaya ga ɓera goma ba ta kai safiyar Litinin.

Daren Laraba ƙaninta ya ji motsi a sama, ya haska tocila ta ramin silin, suka haɗa ido da kyanwa. Baba ya ce ai ta daɗe a nan, har ta haihu sau biyu. Warin kyanwa kaɗai masu bincike na amfani da shi don tsorata ɓera da gangan.

Ranar Alhamis ɗaliban wani malami su shida suka shigo, suka yanka ɓerayensu a kan teburin nan, taku uku daga maratayi, suna hira da dariya, rediyon waya na tashi.

Da mako ya cika ta zo ofishina ta ajiye littafin, ta ciro jadawalin takurarta na Maris ta ajiye a gefensa. Fitila har safe. Shimfiɗa a jiƙe. Ɗauke ruwa. Ƙara. Cunkoso. Duk abin da take yi wa rukunin takura da lissafi, ɗakin yana yi wa kowa kyauta, kuma ya fi ta iya ɓoye ranar da zai yi. Abu ɗaya ne kawai a jadawalinta babu a littafin, karkata keji. Sai Baba, da ya biyo ta, ya ce, "Hajiya, ai maratayin ma ƙafarsa ɗaya gajera ce, dutse nake sa masa."

Akwai kuma abin da littafin ba zai iya kamawa ba. Ɓeran da ya firgita yana yin wani kuka mai kaifi, wajen kilohaz 22, sama da inda kunnen mutum ke kaiwa, kuma ƴan'uwansa na ji su firgita. Yana fitar da wari ma. Kejin kwatance yana maƙale da na takura tsawon gwaji biyu.

Ɗiban jinin namu shi ma ya sha suka da muka koma kan takardu. Kotikostiron yana fara hawa cikin minti 2 zuwa 3 da taɓa keji, saboda haka ana so jinin ya fito kafin nan. Kuma yana da lokacinsa a yini: ƙasa yake da safe, ya yi ta hawa har ya kai ƙololuwa gab da duhu, lokacin da ɓera ke farkawa. Mu kuwa mun bar na kwatance sun yi sama da awa uku suna jin kukan ƴan'uwansu da ƙarnin jini, sannan muka ɗebi nasu a lokacin da sinadarin ya fara hawan kansa.

## Agusta zuwa Satumba: gyaran ɗaki

Malamin bai ji daɗi ba da farko, don shekara ta riga ta tafi. Amma da ya karanta littafin ya yi shiru, ya ce, "To, me kike so?" Ta ce ɗaki biyu.

Aka ba ta wani sito a cikin babban gini, bangon bulo mai kauri, silin lafiyayye, nesa da janareta, da wani ƙaramin ɗaki kusa da shi. Muka toshe taga da baƙar leda da kwali. Yayanta ya haɗa mata ƙaramin faifan sola da batir da agogon kunna wuta, fitila ta riƙa kamawa ƙarfe 6 na safe tana mutuwa 6 na yamma, ko da wutar gari ko babu. Fanka mai caji biyu. Ma'aunin zafi a kowane ɗaki, ana rubutawa safe da yamma. Ba mu kai 22 ba, ba mu da na'urar sanyaya ɗaki, amma ɗakin ya zauna tsakanin 24 da 27, ba ya tsalle.

Kwalabe aka sauya gaba ɗaya, aka gwada kowace a kife a keji mara kowa na awa 24, mai ɗiga a jefar. Wannan kwalbar banza ta ci gaba da zama a ɗakin har ƙarshe, don a cire abin da iska ke sha daga lissafi. Ƙafafun maratayi aka tsoma su a gwangwanin ruwa saboda kiyashi, da suka gano ruwan sukari tun kafin ɓeraye su gano.

Ta koma wa kwamitin da sabuwar takarda. Ta rage ɓeraye zuwa 32, takwas-takwas, huɗu a keji. Ta cire ɗaurewa, ta cire gwajin iyo. Hujjarta ita ce masana da dama yanzu na ganin ɓeran da ya daina iyo ba lallai ne ya yanke ƙauna ba, wataƙila ya gane babu mafita ne yana adana ƙarfinsa. Ta kafa hujja kuma da ƙa'idoji ukun da Russell da Burch suka shimfiɗa a 1959, cewa a maye gurbin dabba inda zai yiwu, a rage yawanta, a sassauta mata wahala.

Maganar Baba ta fi wuya. Ya ɗauka ana cewa shi ya ɓata aiki. Ta same shi a bakin tsohon ɗakin, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, ba laifinka ba ne, ba wanda ya taɓa gaya maka fitila na da lokaci. Ni ma ban sani ba. Ina so kai kaɗai ka riƙa shiga da safe." Ya ce, "Lahadi fa?" Ta ce Lahadi tata ce. Dalilin tsayar da mutum ɗaya yana da tushe: a 2014 masu bincike a McGill sun nuna cewa warin namiji ma kawai yana tayar wa ɓeraye hankali fiye da na mace. Ba za mu iya mayar da Baba mace ba, amma za mu iya hana fuskoki sauyawa.

## Oktoba zuwa Disamba: gwaji na uku

Da ɓerayen suka iso aka bar su mako biyu ba a yi musu komai, sai ɗauka a hannu minti ɗaya ko biyu kullum, ta ƙirji, ba ta wutsiya ba. Zuwa kwana na goma sukan hau hannunta da kansu. Aka koya musu ruwan sukari, aka auna kowa sau uku kafin a fara, ana sauya wa kwalabe gefe don kada ɓeran da ya saba da dama ya ruɗe mu. A wannan awon farko duk sun haura kashi 80.

Rabon rukuni da ƙuri'a aka yi, takardu a naɗe cikin hular Baba. A baya da hannu ake kamowa, kuma wanda ya fi sanyi shi ake fara kamawa, sai rukuni na ɗaya ya cika da masu sanyi. Na ba kowane ɓera lamba, na kulle takardar da ke cewa wane ne wane a durowata. Ni ke ba da magani. Ita ke auna kwalba, lamba kawai take gani. Na kwatance suna ƙaramin ɗaki, ƙofa a rufe.

Aka koma tsarin Willner na asali, mako uku takura kawai, sannan mako huɗu takura da magani. Mako na ɗaya babu komai. Na biyu ɗan motsi. A na uku rukunonin takura sun sauko wajen kashi 60, na kwatance suna nan sama da 80. Nauyin na takura na ƙaruwa amma a hankali, gashinsu ya daina sheƙi. Hunturu ya shigo a tsakiyar aikin, da asuba ɗakin kan sauka zuwa 21, ƙura na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, muka tare ta da jiƙaƙƙen tsumma.

Rukunin fuluzetin bai motsa ba a makon farko na magani. Daga na uku ya fara hawa, a na huɗu ya kusa na kwatance. Haka maganin yake a jikin mutane ma, sai ya ɗauki makonni. Jini aka ɗiba tsakanin ƙarfe 8 da 10 na safe cikin kwana biyu, a wani ɗaki dabam, ɓera ɗaya-ɗaya, ana cakuɗa rukunoni, ƙaninta riƙe da agogo yana kiran minti. Kotikostiron na rukunin takura ya fi na kwatance, adirinal ɗinsu ya fi nauyi idan aka auna da nauyin jiki, taimus ya fi ƙanƙanta. Ba ɓeran da ya mutu kafin ranarsa.

Ganyen kuma ya tsaya a tsakiya. Shan sukarin rukuninsa ya ɗan ɗaga, amma ɗagawar ba ta wuce abin da sa'a za ta iya kawowa a ɓera takwas ba. Adirinal ɗinsu bai bambanta da na takura zalla ba. Wani abu kuma ya fito da ba ta nema ba: a cikin takwas na takura zalla, biyu ba su taɓa rage shan sukari ba, tun daga farko har ƙarshe, alhali keji ɗaya, jadawali ɗaya.

## Hukunci

Gwaji na farko da na biyu ba su gaza don ɓerayen sun ƙi jin takura ba. Sun gaza ne don babu wanda bai ji ta ba. Gwajin gaba ɗaya awon tazara ne tsakanin dabbar da ke cikin kwanciyar hankali da wadda ba ta ciki, mu kuwa ba mu da ta farkon. Shawarar a ƙara wuta, wadda na bayar da bakina, ita ce mafi muni a duk tafiyar, domin ta ci ɓera 40 ba ta amsa komai ba, kuma lambar da za ta hana mu, kashi 60 na rukunin kwatance, tana gabanmu tun Afrilu. Da mun yi awon sukari kafin a fara takura, da mun gano a kwana uku da kuɗin sukari rabin kofi.

Ba zan iya cewa wanne ne daga cikin gyare-gyaren ya fi aiki ba, tunda tare aka yi su, kuma lokacin shekara ma ya sauya. A ganina raba ɗaki da tsayar da fitila su ne kan gaba. Ɓoye mata lambobi bai gyara ɓerayen ba, amma shi ya sa na yarda da sakamakon, don na san irin son da take yi wa ganyen nan.

Game da ganyen, abin da aikin ya nuna kaɗan ne: a wannan adadi, na wannan tsawon lokaci, a ɓeraye maza takwas, ba a ga tasiri bayyananne ba. Bai wanke ganyen ba, bai kuma kashe shi ba. Maza kaɗai aka gwada, alhali ciwon damuwa ya fi yawa a mata, kuma mata ne suka fi zuwa wurin kakarta. Ɓeran da aka jiƙa wa shimfiɗa ma ba ya tunanin kuɗin haya ko kishiya ko bashin da ke kansa. Adirinal ɗinsa da namu hanya ɗaya suke bi, shi ya sa ake iya koyon wani abu a jikinsa, amma ƙin shan ruwan sukari inuwa ce ta alama ɗaya tak daga cikin alamomin ciwon.

Wani daga cikin masu jarrabawa ya so ta cire gwaji biyun farko daga kundin, ya ce ba a rubuta abin da bai yi ba. Malaminta ne ya tsaya mata. Littafin nan na Yuli ya shiga babi na uku da jadawalin zafi da na fitila, da kyanwar a layi ɗaya. Ɓeraye biyun da suka ƙi sauka ta rubuta su a matsayin abin da take son bi a digiri na uku, da mata a ciki.

Siton an mayar da shi sito a Janairu, don sashe na bukatar wurin ajiye kujeru. Faifan solar yayanta ya kwance abinsa. Ma'aunin zafin ta bar wa Baba, ya rataya shi a tsohon ɗakin, kuma yana rubutawa safe da yamma a bayan wata tsohuwar kalanda. A tsakiyar Afrilun da ya biyo baya ya kawo mini ita, ya nuna mini 37, ya ce akwai ɗalibai biyu da suka kawo ɓeraye jiya.